Kuɗin Bincike Da Raya Sana'o'i: Ina Rabon Ƙaraye Da Rogo?

Ran 26 ga watan Yuni na shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, bayan an daɗe ana ja-in-ja a kansu tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnonin jihohin Arewa. Galibin muhawarar da aka yi a lokacin a kan rabon harajin sayen kayayyaki ne. Amma akwai wani sashe na dokar da bai sami irin wannan kulawa ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar makomar bincike da ƙere-ƙere a ƙasar nan. Sashen ya tattara haraji iri-iri da kamfanoni suke biya, har da harajin ilmi, ya mai da su haraji guda na kashi 4 cikin 100 na ribar kamfani, ban da ƙananan kamfanoni, aka sa masa suna harajin raya ƙasa, aka kuma yanke ran 1 ga watan Janairu na 2026 ta zama ranar fara aiki da shi.

Dokar ta fayyace yadda za a kasafta abin da aka tara. Asusun tallafa wa manyan makarantu, watau TETFund, shi ke da rabi cif. Asusun ba ɗalibai rance yana da kashi 15, asusun harkokin tsaro kashi 10, hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa kashi 8, hukumar ƙere-ƙere ta NASENI ita ma kashi 8, asusun tsaron intanet kashi 5, sa'an nan hukumar NBTI mai renon sababbin sana'o'in fasaha kashi 4. Wanda ya duba wannan jeri da kyau zai lura da abu biyu. Na farko, dukkan masu rabon na tarayya ne. Na biyu, babu inda aka ambaci cibiyoyin binciken aikin gona, balle hukumomin jihohi da ke kai sakamakon bincike ga manomi.

To, ina wannan tsari ya bar ƙasashen karkara, inda sana'ar jama'a noma ce da kiwo da su da sarrafa amfanin gona? Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, sun isa misali, domin suna da kusan duk abin da ake bukata kafin bincike ya zama arziki. Abin da suka rasa shi ne tsayayyen kuɗin da zai haɗa su da masu binciken.

Ƙasa Mai Ruwa, Kusa Da Masana

Ƙaraye da Rogo su ne suka haɗu suka zama mazaɓa guda a Majalisar Wakilai ta tarayya, su ne kuma ƙasar Masarautar Ƙaraye bisa ga dokar da gwamnatin jihar ta yi cikin watan Yuli na 2024. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaraye mutum kimanin 141,000, Rogo kuwa kimanin 227,000, kuma babu shakka jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Daminarsu ta fi ta arewacin jihar tsawo da albarka, saboda haka ana noma masara da dawa da waken suya da wake da shinkafa da barkono da tumatir. Fadamun Rogo da na maƙwabtanta ta wajen Makarfi kuwa an san su da rake.

A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwan Chalawa take, wadda aka kammala cikin 1992, mai tsawon kilomita 7.8, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amfanin da aka fi ci da ita shi ne sakin ruwa zuwa gangare, domin ruwan shan birnin Kano da noman rani a kwarin Haɗeja. Irin manyan magudanan da aka shimfiɗa daga madatsar Tiga zuwa ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, Ƙaraye ba ta sami kamarsu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Haka zancen yake ta fuskar ilmi. Garin Rogo ya fi kusa da Zariya a kan birnin Kano, a Zariya kuwa aka jibge cibiyoyin bincike irin waɗanda babu wani gari a Arewa mai yawansu. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Akwai cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS, da ta binciken dabbobi a Shika, da ta fatu da ƙiraga a Samaru, da ta kimiyyar harhaɗa sinadarai a Basawa. Ta wajen Kano kuma akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ofisoshin cibiyoyin duniya na IITA da ICRISAT. Watau manomin Rogo yana zaune ne a tsakiyar masana. Abin tambaya shi ne, wace hanya ce ta haɗa shi da su, wa kuma ke biyan kuɗin gyaranta?

Abin Da Tarihin Masara Ya Nuna

Wannan yanki ya taɓa ganin abin da kuɗin gwamnati ke iya yi idan an bi da shi ta hanyar da ta dace. Kafin shekarun 1970 masara ba ta cikin manyan amfanin gona a ƙasar Hausa. Ɗan abin da ake shukawa ne kusa da gida, a gasa ko a dafa kafin gero ya nuna. Sai masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, tare da cibiyoyin ƙasar nan, suka fito da farar masara mai yawan amfani wadda ake kira TZB. Cikin 1975 aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Shirin Funtuwa ya kawo iri, ya kawo taki mai rahusa, ya yi hanyoyin karkara, ya kuma baza malaman gona ƙauye-ƙauye suna buɗe gonakin gwaji a gaban idon jama'a. Kafin shekara 15 masara ta zama abinci, ta kuma zama hanyar samun kuɗi, a duk faɗin ƙasashen Funtuwa da Zariya da kudancin Kano. Jihar Kano ta bi sahu ta kafa hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ita ma da rancen Bankin Duniya.

Abin lura a nan shi ne, ingantaccen iri shi kaɗai bai kawo wannan canji ba. An biya mai bincike, an biya mai gwaji a gonar manomi, an biya mai yaɗa iri, an kuma biya mai gyara hanyar kasuwa, duk a lokaci guda. Igiya ce mai ƙulli huɗu, kuma kowane ƙulli yana da kasonsa a kasafin kuɗi.

Daga baya igiyar ta yi ta tsinkewa. Cikin 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda a zamanin gwamnatin Jihar Arewa da kafin nan sukan ware wani abu daga rarar kuɗin gyaɗa da auduga domin bincike. Rancen Bankin Duniya na shirye-shiryen raya aikin gona ya ƙare a cikin shekarun 1990, nauyi ya koma kan jihohi. Malaman gona suka yi ta yin ritaya ba a maye gurbinsu daidai da yawan manoma ba, waɗanda suka rage kuma sau da yawa akwai albashi, babu kuɗin man babur. Tun daga nan aikin kai bincike ga manomi ya koma rataye a wuyan shirye-shiryen da ake ɗaukar nauyinsu daga waje.

Inda Kuɗin Ke Tsayawa

Kuɗin da ake kashewa a kan bincike a Nijeriya tun asali kaɗan ne. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a taron Khartum na 2006 za su riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara a kan bincike, amma alƙaluman da aka tattara game da Nijeriya ba su kai ko rabin wannan ba. Haka kuma alkawarin Maputo na 2003, na ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi domin aikin gona, gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Duk da haka ƙarancin kuɗi rabin matsalar ne kawai. Sauran rabin shi ne inda ɗan abin da aka ware yake tsayawa.

Cibiyoyin binciken aikin gona na tarayya, irin su Samaru, suna samun kuɗinsu ta hannun ma'aikatar aikin gona, kuma mafi yawansa albashi ke cinyewa. Abin da ya rage domin gudanar da gwaje-gwaje kaɗan ne, sau da yawa ma ba ya fitowa sai damina ta yi nisa, alhali shuka ba ta jiran takardar ofis. Asusun TETFund shi ne mai ƙarfi, har kuɗin da ya ware wa asusun bincike na ƙasa ya kai Naira miliyan dubu 8 da rabi cikin 2021. Amma dokar 2011 da ta kafa shi ta tsare shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilmi na gwamnati. Malamin Samaru yana iya neman tallafi a matsayinsa na malamin jami'a. Hukumar KNARDA, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Rogo, ba su da ƙofar shiga. Bugu da ƙari, abin da ake dubawa wajen yi wa malamin jami'a ƙarin girma shi ne yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana. Yawan manoman da suka karɓi abin da ya gano ba ya cikin lissafi sosai. Saboda haka idan an buga sakamakon bincike, aiki ya ƙare a idon mai ba da kuɗi, alhali a idon manomi ko farawa ba a yi ba.

Wannan ba ya nufin masu bincike suna zaune ne kawai. Bayan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa ta Kano, Samaru ta yi shekaru tana aiki har ta fito da irin gyaɗa masu jure cutar, masu suna SAMNUT. Cikin watan Disamba na 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, cikin watan Janairu na 2024 kuma aka amince da irin masarar TELA masu jure fari da tsutsa. Waɗannan biyu na ƙarshe an yi musu gyaran ƙwayar halitta, akwai kuma masu adawa da su. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ake bukatar malamin gona amintacce a kusa, wanda zai gwada a gonar unguwa, ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, maimakon a bar manomi tsakanin mai talla da mai jita-jita.

Giɓin da aka bari, shirye-shiryen waje ne suke cikewa. Ƙungiyar Sasakawa ta shigo Kano da Kaduna cikin 1992 da gonakin gwaji na masara da alkama. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka soma shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP, na dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da abokan hulɗarsa suka ɗauki nauyi, aka tsara shi na shekara 5. Irin waɗannan shirye-shirye sun yi amfani, ba mai musu. Sai dai kowannensu yana da ranar rufewa, kuma idan ranar ta zo, motoci su tsufa, ma'aikatan wucin gadi su watse, abin da aka koya ya bi su. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Rance Daban, Dabara Daban

Idan aka juya ga kuɗin da gwamnati ke warewa domin raya sana'o'i, za a tarar da wata matsalar. Galibi abin da ake kira tallafin sana'a rance ne ko rabon kaya. Babban misali shi ne shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. An raba fiye da Naira tiriliyan 1, watau miliyan sau miliyan. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Bankin ya ce a'a, an biya kimanin rabi. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi mai yawa ya maƙale, kuma sabon shugabancin bankin da ya zo a ƙarshen 2023 ya janye daga irin wannan aiki. Rance yana ba mutum damar ƙara yawan abin da ya saba yi. Ba ya koya masa sabuwar hanya, ba ya kuma warware masa matsalar da ke hana shi riba.

Masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta nuna wannan ta wata fuskar. An buɗe ta cikin 2016 da ƙarfin niƙa tan 1,200 a rana, sai ga tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a wannan shekarar. Masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa a shekarun da suka biyo baya saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai yi wa kowa daɗi. Jari ya samu, injuna sun samu, amma binciken da zai ba manomi iri mai yawan amfani da maganin tsutsa bai riga ya isa gona ba.

Sababbin asusun da aka kafa domin masu ƙirƙira kuwa, kamar wanda dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanada, da shirin iDICE da aka ƙaddamar cikin 2023, an ɗinka su ne daidai jikin matasan birni masu sana'ar kwamfuta. Ana neman rajistar kamfani, da cike takardu ta intanet, da tsarin kasuwanci a rubuce da Turanci. Maƙerin da ya gyara injin casar masara ya rage masa shan mai, ko ƙungiyar matan da suka gano yadda za su shanya kauɗa ba tare da ƙasa ta shiga ba, su ma masu ƙirƙira ne, amma takardun ba su san da zamansu ba.

Akwai misali guda da ya nuna yadda abin yake idan an bi shi daga tushe har ƙarshe, watau buhun adana wake mai riɓi uku da ake kira PICS. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka gano dabarar a ƙarshen shekarun 1980, da kuɗin gwamnatin Amurka: idan aka ɗaure wake a cikin leda biyu masu kauri, aka sa su cikin buhu, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Dabarar ta yi kusan shekara 20 ba ta yaɗu sosai ba. Sai cikin 2007 Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin kai ta ga jama'a. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi suka ƙara gwada ta, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga ƙera buhunan, malaman gona suka bi dubban ƙauyuka suna ɗaure buhu a gaban jama'a, su dawo bayan watanni a kwance a gaban kowa. Da mutane suka ga wake lafiya lau, kasuwa ta buɗe da kanta, dillalai suka karɓi aikin. Abin da ya ci kuɗi da yawa shi ne yawon ƙauyukan nan, kuma shi ne ainihin abin da kasafin kuɗin ƙasar nan ya fi mantawa da shi.

Tambayoyin Da Ke Jiran Amsa

A Ƙaraye da Rogo akwai matsaloli da dama waɗanda ba sa bukatar babban ɗakin gwaji, sai dai mai bincike da zai zauna da masu sana'ar na damina biyu ko uku. Rake na ɗaya daga ciki. Nijeriya tana sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da take tacewa daga waje, galibi daga Brazil. Babban shirin sukari na ƙasa da aka amince da shi cikin 2012 ya mai da hankali ne ga manyan gandaye irin na Numan da Lafiagi da Sunti. Ƙaramin manomin rake da mai dafa mazarƙwaila ba su da wani babban gurbi a ciki. Cibiyar da aka ɗora wa binciken rake tana Badeggi a Jihar Neja, ta kuma daɗe da ƙera ƙananan injunan yin jan sukari. Wane irin rake ne ya fi ba da ruwa mai zaƙi a fadamun Rogo? Nawa ne ke salwanta a cikin ɓawon da injin matsa ya bari? Yaya za a gina murhun da zai rage cin itace, a kuma ƙunshe mazarƙwaila yadda hukumar NAFDAC za ta amince, ta shiga kantunan birni? Amsar kowace ɗaya kuɗi ce a aljihun jama'a.

Madatsar Chalawa ita ma tana da nata tambayoyin. Masana sun daɗe suna nuna damuwa a kan yashi da laka da zaizayar ƙasa ke turawa cikin tafkin da cikin kogin. Ana bukatar sanin irin itatuwa da ciyayin da za su riƙe gaɓa ba tare da an hana mutane noma ba, da hanyar ban ruwa mafi sauƙin kuɗi ga mai ƙaramar gona tun da man fetur ya yi tsada bayan janye tallafi cikin 2023, da kuma yadda masunta za su riƙa kama kifi ba su ƙarar da iri ba. Ga kuma wuta-wuta a gonakin dawa da masara, da gajiyar ƙasa. Ɗaliban jami'o'i da kwalejoji na Kano da Zariya suna rubuta kundaye ɗaruruwa kowace shekara, yawancinsu su ƙare a kan kanta. Da akwai ɗan kuɗin mota da na kayan gwaji, da jerin matsalolin da jama'ar yankin suka zaɓa da kansu, da an karkatar da wani kaso na wannan ƙoƙari zuwa inda zai yi amfani.

Wa Zai Biya?

Ƙasar Indiya ta fuskanci irin wannan giɓi, ta kuma toshe shi da cibiyoyin kimiyyar noma na gunduma. An buɗe ta farko cikin 1974, yanzu sun haura 700. Kowace cibiya tana da 'yan ƙwararru kaɗan da gonar gwaji, tana ƙarƙashin wata jami'a ko cibiyar bincike ko ƙungiya, gwamnatin tsakiya kuma ita ke biyan kuɗin. Aikinta shi ne ta gwada abin da manyan cibiyoyi suka fitar a ƙasar gundumar, ta koyar da manoma da matasa, ta mayar wa masu bincike da labarin abin da ya yi da wanda bai yi ba. Sirrin abin shi ne dawwama: kuɗin yana cikin kasafi kowace shekara.

Tsarin mulkin 1999 bai hana a yi haka a nan ba. Binciken kimiyya da raya aikin gona da masana'antu suna cikin abubuwan da jiha ke da ikon yin doka a kansu tare da tarayya, jadawali na huɗu kuma ya sa raya aikin gona cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki. Ƙofofin kuɗi ma akwai. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a shekarar da ta biyo baya. A cikin watan nan na Yuli 2024 aka sa hannu a kan dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, mai hedkwata a Kano. TETFund kuma yana iya gindaya sharaɗin cewa duk binciken noma ko sana'a da ya ɗauki nauyi sai an ware wani kaso na kuɗin domin gwaji tare da masu sana'ar a wata ƙaramar hukuma.

Abin da ya fi dacewa da Ƙaraye da Rogo shi ne ƙaramin asusu na haɗin gwiwa, wanda ƙananan hukumomin biyu da gwamnatin jiha za su riƙa zuba wa wani ƙayyadadden abu kowace shekara bisa doka, a ƙulla yarjejeniya da Samaru ko Jami'ar Bayero su ba da ƙwararru, KNARDA ta ba da malaman gona, ƙungiyoyin manoma da maƙera da masunta da mata masu sarrafa amfanin gona su zaɓi matsalolin da za a fara da su.

Masu shakka suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Ƙasar nan ta sha ganin an kafa hukuma, an gina ofis, an sayi motoci, an naɗa 'yan kwamiti, kuɗin aiki ya ƙare a nan. An kuma sha ganin tallafi ya zama ladan siyasa. Maganin wannan shi ne a ɗaure asusun da sharuɗɗa tun daga farko. Kada a gina sabon ofis, a yi amfani da sassan aikin gona da ke akwai. A ƙayyade abin da za a kashe a kan gudanarwa. A ba da tallafi ƙanana, kashi-kashi, kada a saki kashi na biyu sai an ga aikin na farko. Wanda zai ci moriyar sabon inji ya sa nasa jarin, ko yaya yake, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. A ƙarshen kowace kaka kuma a karanta sakamako da Hausa a bainar jama'a, har da gwajin da bai yi nasara ba, kamar yadda aka riƙa kwance buhunan wake a gaban kowa.

Ma'aikatan da ke shirya kiyasin kuɗi a ma'aikatun jiha da sakatariyoyin ƙananan hukumomi sun fi kowa sanin cewa abin da ba shi da layi a cikin kasafi ba shi da rai, komai yawan jawabin da aka yi a kansa. Harajin raya ƙasa an riga an raba shi a Abuja, kuma sauya rabon sai an koma Majalisar Tarayya, aikin da ya rataya a wuyan wakilan yankin. Amma kasafin Jihar Kano da na Ƙaraye da na Rogo a hannun mutanen gida suke. Duk mai son ya san ko da gaske ake yi, sai ya buɗe kasafin shekara mai zuwa, ya wuce layin sayen taki da na rabon injunan ban ruwa, ya duba ko akwai layin da aka rubuta domin gwaji a gonar manomi da shagon mai sana'a, sa'an nan a ƙarshen shekara ya tambayi nawa aka saki daga ciki.